Kwamfutar Sakataren Ƙungiyar Manoma: Yadda Aka Kulle Lissafin Bashin Damina da Abin da Aka Iya Cetowa

Lamarin ya faru ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, cikin jihar Jigawa, ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba kuma zan faɗi sunan mutumin ba, domin magana ce da ta taɓa bashi, ta kuma taɓa mutunci. Malamin firamare ne, shi ne sakataren ƙungiyar manoman unguwarsu, kuma a duk layinsu gidansa ne kaɗai ke da kwamfuta. Ni ina koyar da kwamfuta a wata sakandare da ke kusa da su, shi ya sa aka nemo ni bayan abin ya riga ya auku.

Laftof ce ta hannu, mai Windows 10, ya sayo ta a Kano. Wuta ba ta zama a wajen, don haka a wurin mai cajin waya ake ba ta wuta, wani lokaci kuma a gidan wani maƙwabci mai sola. A cikinta yake riƙe lissafin ƙungiya a Excel: wanda ya karɓi taki bashi a farkon damina, buhu nawa ya ɗauka, wanda ya biya da kuɗi, da wanda ya biya da riɗi ko gero bayan girbi. Babban ɗansa, wanda ke karatun NCE a Gumel, a cikinta yake rubuta aikinsa na kammala karatu idan ya zo hutu. Uwargida ta tara hotunan biki da suna. Yara na kallon fina-finan da ake turo musu daga kasuwa. Akwai kuma wani abu da Malam ya fi ji da shi fiye da duk waɗannan: karatun marigayi mahaifinsa, wanda ya yi limancin unguwar shekaru masu yawa. An ɗauki karatun a kaset tun da daɗewa, daga baya aka mayar da shi MP3, kaset ɗin kuwa suka lalace aka zubar.

Gargaɗin farko

Da aka fara girbin riɗi, Malam ya sa lissafin a filash ya kai shagon buga takardu a gari, domin za a yi taro. Da ya dawo ya soka filash ɗin, sai ya ga foldojinsa sun zama shotkot, kowacce da 'yar kibiya a gindinta. Shotkot ba folda ba ce, 'yar alama ce kawai da ke kai mutum wani wuri in ya danna. Ya danna ɗaya ya ga ko za ta buɗe. Daga nan kwamfutar ta fara nauyi, kuma duk filash ɗin da aka soka mata sai ya koma haka.

Duk wanda ya taɓa hulɗa da shagunan buga takardu a ƙasar nan ya san wannan bairos. Ba ya goge komai. Ɓoye fayilolin yake yi, ya ajiye masu kama da su a gurbinsu, wanda ya danna ɗaya ya tashe shi ke nan. Ba ya bukatar intanet kafin ya yaɗu; hannu da hannu yake bi, daga kwamfutar shagon da ake soka wa filash iri-iri tun safe har dare, zuwa kwamfutar gida. Mutanenmu na karkara suna yawan cewa ai su ba sa shiga intanet sosai, don haka bairos ba ruwansa da su. Mafi yawan cututtukan da nake gani a kwamfutocin ƙauye a aljihu aka kawo su.

Malam ya kai ta wajen wani mai gyara a gari. Mai gyaran ya kwashe fayilolin gefe, ya yi fomat, wato ya goge komai da ke cikin kwamfutar, ya ɗora sabuwar Windows, ya mayar da su. Filash ɗin kuwa ya ce ya mutu, Malam ya jefa shi a durowa. Zuwa nan babu babban laifi, ko da yake ciwon bai kai na fomat ba. Ɓarnar tana cikin abin da ya biyo baya. Windows ɗin da ya ɗora da Office ɗin duka ba su da lasisi, sai ya yi amfani da manhajar da ke buɗe su ta bayan fage. Irin wannan manhaja Microsoft Defender yana kama ta, wato mai gadin da Windows 10 ke zuwa da shi kyauta, saboda haka sai ya kashe Defender gaba ɗaya, bai kuma sake kunna shi ba. Ya rufe hanyar sabunta Windows don kada ta cinye wa Malam data. Ya bar asusu ɗaya tak, mai cikakken iko, ba kalmar sirri, wanda uba da ɗa da ƙananan yara duk da shi suke shiga.

Ban ce mai gyaran mugu ba ne. Data tana da tsada, kuma na san yadda kwastoma ke dawowa da faɗa idan kwamfuta ta lashe masa katin wata guda cikin dare ɗaya. Amma kwamfutar ta bar shagonsa ta fi yadda ta shiga rauni, kuma ba a gaya wa mai ita ba. Wannan rashin faɗar ya fi ci mini rai.

Ya ba da shawara ɗaya mai kyau: a sayi faifan ajiya na waje, wanda ake ce wa ekstanal. Malam ya saya. Sai dai da yake cikin laftof ɗin ya cika da fina-finan yara, ba kwafi ya yi ba, ɗauke muhimman fayilolin ya yi ɗungurungum ya mayar da su kan faifan. Lissafi, hotuna, karatun mahaifinsa, duk suka koma can, babu su a ko'ina kuma. Tunda daga kan faifan yake buɗe lissafin kullum, sai ya bar shi a soke dare da rana, har ya ɗaure wayar faifan da roba don kada ta zare. A zuciyarsa ya yi ajiya. A wurin bairos kuwa, faifan da ke soke wani ɗaki ne kawai na kwamfutar, ƙofarsa a buɗe.

Daren da aka kulle komai

Da sanyi ya shigo, ɗan ya zo hutu da babi na huɗu a gabansa, wanda ke bukatar lissafin amsoshin tambayoyin da ya raba. Abokansa sun ce da wata manhajar lissafi mai suna SPSS ake yi. SPSS ta kamfanin IBM ce, ta kuɗi ce, kuɗin kuma ba na ɗalibi ba ne. Ya sayi datar dare mai araha, ya haɗa wayarsa da laftof, ya nemi wadda aka fasa, wato aka cire mata makulli don ta yi aiki ba biya. Shafin da ya faɗa ya cika da maɓallan saukewa, ya danna wanda ya fi girma. Bayanin da ke tare da fayil ɗin ya ce a kashe mai gadin kwamfuta kafin a buɗe. Nasu a kashe yake tun tuni. Ya buɗe, wani allo ya fito kamar Windows tana sabunta kanta, ya bar ta ya kwanta.

Da safe Malam ya je buɗe lissafi, Excel ta ƙi. Kowane fayil an ƙara masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna, hotunan sun zama fararen takardu, kuma ga wani sabon fayil mai suna _readme.txt.

"Kai, me ka yi wa na'urar nan jiya da dare?"

"Wallahi Baba, manhaja ɗaya kawai na sauke."

Abin da ya same su manhajar garkuwa da bayanai ce, daga dangin da ake kira STOP ko Djvu. Tun wajen 2018 take yawo, kuma ba manyan cibiyoyi take durƙusarwa ba kamar WannaCry, wata irinta da ta tsayar da asibitocin Ingila a watan Mayun 2017. Kwamfutocin gida take bi, ta hanyar fasassun manhajoji da masu buɗe lasisi na bogi. Allon sabuntawar da yaron ya gani na ƙarya ne, an sa shi ne don kada mutum ya yi mamakin nauyin da kwamfutar ta yi yayin da ake kulle fayilolinsa. Takardar da suka bari ta nemi dala 980, amma idan an tuntuɓe su cikin awa 72 za su rage zuwa dala 490. Faifan waje, da yake a soke yake, an kulle shi tas tare da sauran.

Ra'ayin farko a gidan shi ne a sake kai ta a yi fomat. Allah ya sa ƙanen Malam ya ce a fara kirana. Abin da na roƙa ta waya shi ne a cire haɗin intanet, a zare faifan, kada a goge komai, kada kuma a soka wani filash. Fomat yana kashe bairos, amma yana tafiya da shaidar da za a gane wane iri ne, yana kuma tafiya da fayilolin da aka kulle, waɗanda wataƙila a iya buɗewa.

Da na isa, muka ɗauki takardar fansar da ƙaramin fayil ɗaya muka ɗora a shafin ID Ransomware, mai gane nau'in irin wannan bairos, ya tabbatar mana Djvu ce. Nan akwai wani bambanci da komai ya rataya a kansa. Idan bairos ɗin ya samu ya yi magana da uwar garkensa, wato kwamfutar masu laifin da ke intanet, lokacin da yake aiki, yana karɓo mabuɗi na musamman ga wannan kwamfutar kaɗai, wanda babu mai shi sai masu laifin. Idan bai samu intanet ba, yana amfani da wani mabuɗi na gama-gari da ke cikinsa, kuma lambar shaidar da ya bari takan ƙare da t1. Kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar buɗewa kyauta a watan Oktoban 2019, kuma a sababbin nau'o'in tana aiki ne idan da mabuɗin gama-gari aka kulle, kuma an riga an samo mabuɗin wannan nau'in. Muka duba lambar Malam. Ba ta ƙare da t1 ba. Wayar yaron ta kwana a haɗe da laftof ɗin, datar dare ba ta yanke ba. Mun gwada manhajar Emsisoft duk da haka, ta gaya mana abin da muka riga muka hango.

Da yamma shugaban ƙungiya da ma'aji suka zo zaure. Shugaban, wani Alhaji mai fatauci, ya dube ni ya ce, "Malam, in dai dala 490 za ta dawo mana da littafinmu, ni zan ranta, a biya ni bayan rani." Na gane damuwarsa, amma na ce ban goyi baya ba. Kuɗin ya fi ƙarfin abin da aka sayi laftof ɗin kanta. Da Bitcoin ake biya, kuɗin intanet, wanda in ya tafi ba ya dawowa. Wasu sun biya an ba su mabuɗi, wasu sun biya ba su sake jin ɗuriyar kowa ba, kuma babu alƙalin da za ka kai ƙara. Sannan duk kuɗin da aka tura musu, shi ne jarin da za su kama wani da shi. Yaron ya lura takardar ta ce za su buɗe fayil ɗaya kyauta don a yarda da su, ya ce me zai hana a tura musu lissafin. Takardar kanta ta ce ban da fayil mai muhimmanci. Ma'aji kuma ya ce sunayen mutane da lambobin wayarsu da na asusunsu ne a ciki, shi bai yarda a miƙa wa ɓarayi da hannu ba. A nan maganar biya ta mutu.

Yaron ya riga ya nemi taimako a Facebook tun da safe, kuma kafin dare saƙonni sun cika masa waya daga mutanen da ke cewa su ƙwararru ne, za su buɗe komai idan an tura kafin alƙalami. Duk 'yan damfara ne. Mabuɗin da babu shi a hannun kamfanonin tsaro ba zai kasance a hannun wani baƙo a akwatin saƙo ba.

Akwai abin da ba ya jira, kuma mutane kan manta da shi saboda hankalinsu na kan fayiloli. Djvu takan zo da rakiyar wata manhaja mai satar kalmomin sirrin da aka adana a burauza, wato manhajar shiga intanet. A daren muka canza kalmar sirrin Gmail da Facebook na uba da ɗa, daga kan waya, ba daga laftof ɗin ba, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato kalmar sirri kaɗai ba ta isa a shiga ba sai an ƙara tabbatarwa ta waya.

Abin da ya dawo, da inda aka samo shi

Babu fayil ko ɗaya da muka buɗe da mabuɗi. Duk abin da ya dawo, daga wani wuri ya dawo wanda ba a haɗe yake da kwamfutar ba, kuma kusan duka ba da niyyar ajiya aka ajiye su ba.

Aikin yaron ya fi sauƙi. Babi na ɗaya zuwa na uku suna cikin imel ɗin da ya tura wa malamin da ke duba shi. Takardun tambayoyin suna cikin jakarsa. Abin da ya rasa gyare-gyaren 'yan makonni ne. Hotunan uwargida kuwa, abin da aka taɓa tura wa dangi ta WhatsApp aka tattaro, marasa kaifi kamar na asali, sauran sun tafi.

Karatun marigayi Liman shi ne inda Allah ya kawo sauƙi ta hanyar da ba a zata ba. Don ta yi sauri, Djvu ba ta kulle babban fayil gaba ɗaya; kilobait 150 na farko take lalatawa ta bar sauran. Ƙaramin fayil na Excel ko Word ya mutu ke nan, domin ko dai duka ya shiga cikin wannan adadi, ko kuma ba ya buɗuwa in kansa ya lalace. Amma MP3 gutsi-gutsi ne a jere, kowane gutsure yana iya karantuwa shi kaɗai. A sautin da aka ɗauka da ingancin da aka saba, kilobait 150 bai wuce kimanin daƙiƙa 10 ba. Muka yi kwafin fayilolin a wata kwamfuta mai tsabta, muka yanke kan da ya lalace, sauran ya yi magana. Kowane karatu ya rasa buɗewarsa, wato basmala da salati da inda marigayin kan faɗi littafi da babin da za a karanta. Malam da ƙanensa suka zauna suna saurare suna rubuta sunan kowane darasi da ka, tunda a gabansa suka taso.

Lissafi ne ya ba da wahala. Shugaba yana da kwafi a WhatsApp, wanda Malam ya tura masa lokacin rabon taki. Wannan kwafi ya nuna duk wanda ya ci bashi, bai nuna ko mutum ɗaya da ya biya ba. Sai na tambayi filash ɗin da aka ce ya mutu. Aka zaro shi daga durowa. Muka soka shi a kwamfuta mai gadi a kunne, ba mu danna shotkot ko ɗaya ba, muka ba da umarnin attrib -h -r -s /s /d, mai fito da ɓoyayyun fayiloli, sai ga fayilolin sun bayyana lafiya lau. Ciki har da lissafin kamar yadda yake a farkon girbi, da biyan waɗanda suka riga kowa. Giɓin ya ragu, amma abin da ya rage shi ne mafi nauyi: daga tsakiyar kaka zuwa shigowar sanyi, daidai lokacin da yawancin manoma ke sayar da riɗi su biya.

Waɗanda suka biya ta banki ko ta mai POS ba su ba da matsala ba, saƙon banki na nan a wayar ma'aji. Waɗanda suka ba da kuɗi a hannu, wasu suna da rasiti, ma'aji kuma yana da kwafin kabon. Matsalar tana kan waɗanda suka kawo buhu ko 'yan kwanuka ƙofar gidan Malam bayan magariba, ya auna, ya ce "na shigar," suka tafi. Sun yarda da shi, shi kuma ya yarda da na'ura.

A nan ne na fahimci ainihin girman asarar. Ba fayil aka rasa ba kawai. Mutumin da ya shekara da shekaru ba a taɓa jin kansa da kowa a kan kwabo ba, sai ga shi ana raɗe-raɗin wai kwamfutar ba ta lalace ba, dabara ce. Wasu kuma da ba su biya ba suka ga ƙofa. Malam ya rame a 'yan kwanakin nan, ya daina zama majalisa bayan isha'i.

Aka yi zama a ƙofar gidan mai unguwa, liman na nan. Malam ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na sani zan faɗa, abin da na manta ba zan ƙirƙira ba." Aka riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya daga kwafin filash. Mai rasiti ya nuna. Wanda ya kawo hatsi ya faɗi ranar, da wanda ya ɗauko masa a amalanke ko a babur, da wanda ya tarar a zauren. Da yawa an warware su haka, domin a ƙauye buhu ba ya wucewa ba a gani ba. Ma'aji ya kawo adadin buhunan da ke ɗakin ajiya da waɗanda aka riga aka kai kasuwa, aka gwada da abin da mutane suka faɗa, aka ga bambancin bai kai yadda ake tsoro ba. Suka rage 'yan kaɗan da ba rasiti, ba shaida, Malam kuma bai tuna ba. Liman ya karanto aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, ya ce rubutun an yi shi, shaidun ne aka yi sakaci da su, kuma sakacin na kowa ne, ba na sakatare shi kaɗai ba. Aka yanke cewa a karɓi maganar waɗannan mutane, su da Allah, ƙungiya ta ɗauki abin da ya ɓace. Ba kowa ya ji daɗin hukuncin ba. Mutum biyu sun fice daga ƙungiyar.

Tsarin da aka koma

Kafin a taɓa laftof ɗin, an ajiye faifan da aka kulle yadda yake, ba a goge shi ba. Yakan faru a kama masu irin wannan laifi a saki mabuɗansu, kuma shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka kafa tare da kamfanonin tsaro na Kaspersky da McAfee a 2016, yana tara manhajojin buɗewa kyauta. Ba alkawari ba ne, amma ajiye faifan ba ya cin komai.

Sannan aka yi fomat na gaskiya. Defender yana kunne, kuma ban sa musu wani mai gadi na biyu ba. Ga kwamfutar gida ya wadatar muddin yana samun sabuntawa, kuma mai gadin da aka fasa ya fi rashinsa haɗari. Malam yana da asusunsa da kalmar sirri, yara suna da nasu wanda ba ya iya ɗora manhaja. An saita Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, don a gane fim ɗin da ya ƙare da .exe ba fim ba ne, manhaja ce. Maimakon fasasshen Office aka sa LibreOffice, wadda kyauta ce ta halal kuma tana buɗe fayilolin Excel da Word. Yaron ya yi babinsa na huɗu da PSPP, makamanciyar SPSS, ita ma kyauta. Idan za a buga takarda, PDF ake turawa shagon ta WhatsApp. In dole sai da filash, akwai guda da aka ware wa fita, ba a ajiye komai na asali a kansa, kuma ana bincika shi kafin a buɗe.

Amma na gaya wa Malam, kuma a nan na fi tsayawa, duk wannan rage haɗari ne kawai. Ko ba bairos, faifai yana mutuwa. Zafin bazara yana cinsa, ƙurar hunturu tana toshe fanka, janareto yana aiko wuta fiye da kima, yaro yana ture kwamfuta daga kan tabarma ko tebur, ɓarawo yana ɗauka. Ambaliyar 2022 ta ci gidaje da gonaki a sassa da dama na Jigawa, kuma kwamfuta da faifan da ke ɗaki ɗaya tare ruwa zai tafi da su. Manomi ba ya zuba irin shuka a rumbun da ake ɗiba kullum. Yakan ware shi, ya ɗaure, ya rataye inda hannu da ɓera ba sa kai wa. Da na faɗi haka ma'aji ya riga ni ƙarasa bayanin.

Masana suna cewa kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gida. Ga yadda ya zauna a wannan gidan. Lissafin da ake aiki da shi yana cikin laftof. An sayi sabon faifai, ana soka shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a yi kwafi, a zare, a mayar da shi akwatin ƙarfe a ɗakin uwargida. Ita ke riƙe da shi, kuma ita ke tunatarwa. Na lura tun da hotunanta suka salwanta ta fi kowa tsanani a kan wannan. Duk ranar da aka shigar da biya, Malam yana ɗora lissafin a Google Drive, ma'ajiyar Google da ke intanet, da kwanan wata a jikin sunan, ba ya danne na jiya da na yau. Google na ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da hotuna ke rabawa da shi, lissafin kuwa bai kai nauyin hoto ɗaya ba, don haka maganar data ba ta taso ba. Da hannu yake ɗorawa. Ban saita masa folda mai daidaita kanta ba, domin irin wannan folda, in an kulle fayil a kwamfuta, kullallen take aikawa sama. Karatun marigayi Liman kuma an raba shi: kwafi a faifan, kwafi a katin waya wurin ƙanen Malam, kwafi wurin 'yar'uwarsu da ke aure a Kano.

Wajen sayen filash da katin waya na ja musu kunne. Akwai na jabu da yawa, an rubuta babban adadi a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, amma cikinsa ɗan kaɗan ne. Yana karɓar fayil ba musu, ranar da ka nema ka tarar da shara. Manhajar H2testw tana cika shi ta karanta ta faɗi gaskiyarsa. Kuma kowane wata, bayan an yi kwafi, ana buɗe fayil biyu ko uku daga kan faifan a tabbatar suna buɗuwa.

Ƙungiya ita ma ta canza nata. Ba a karɓar ko kwano ɗaya sai da rasiti mai kabon. Ƙarshen kowane wata ana buga lissafi a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu, kowa ya riƙe nasa. Wasu matasa sun ce wannan komawa baya ne. Ni ban ga haka ba. Takarda ce kaɗai kwafin da dattijon da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai iya dubawa da idonsa, kuma ita ce ta hana a sake ɗora wa mutum ɗaya nauyin amanar unguwa guda.

Abu ɗaya ya rage ba a warware ba. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama ko makamancinsa. Laftof ɗin Malam ba ta kai ba, haka ma yawancin na hannu da ake sayarwa da araha. Na ba da shawarar a maye gurbin Windows da Linux Mint, wadda za ta ɗauki LibreOffice da burauza ba tare da wahala ba, bairos ɗin shotkot na Windows kuma ba ya aiki a kanta. Malam yana ɗari-ɗari, domin babu mai gyara a kusa da ya saba da ita. Shugaba yana ganin ƙungiya ta sayi tata kwamfutar, a raba lissafin jama'a da fina-finan yara. Ma'aji ya ce sai an ga abin da noman rani ya bayar, kuma an sa maganar a ajandar taron da za a yi kafin rabon takin damina mai zuwa.